LEMUN TSAMI DA KOKWAMBA BA SA MUSULUNTAR DA GIYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani hoton bidiyo da wani tsohon ɗalibina na Islamiyya a nan Ƙaura Namoda ya turo mini ta waya. Wani Bature ne ya yanka kokwamba, ya matse lemun tsami, ya zuba ƙanƙara da ɗan sukari, sannan ya kwarara giyar nan da suke kira jin, yana cewa wai maganin zafin rana ke nan. Yaron ya ce: "Malam, abokaina sun ce wannan ba giya ba ce, lemo ne, tunda abin da aka zuba cokali huɗu ne kawai." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

To bari mu fara da sanin mene ne jin. Barasa ce da ake tacewa daga hatsi, a ƙamsasa ta da 'ya'yan wata bishiya mai suna junifa. A dokar Tarayyar Turai, ba a kiranta da wannan suna sai sinadarin maye da ke cikinta ya kai kashi 37.5 cikin 100, alhali giyar kwalba da aka saba gani ba ta cika wuce kashi 5 ba. Ke nan wannan "kaɗan" ɗin da ake rainawa, cokali huɗu, yana iya kai ƙaramar kwalbar giya ƙarfi. Kokwamba kuwa aikinta ɓoye ɗaci da wari, don maƙogwaro ya karɓa ba gardama.

Hukuncin shari'a a nan ba ya bukatar dogon bincike. Allah (SWT) Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Ya haɗa ta da caca da gumaka. Ya tabbata a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi cewa Manzon Allah (SAW) ya haramta kaɗan ɗin duk abin da mai yawansa ke sa maye. Haka nan ya yi mana gargaɗi cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiranta da wani suna daban. Shin ba wannan zamanin ba ne? An sa ta a kofin gilashi, an rataya mata yankan kokwamba, an kira ta lemo. Kura ko an ɗaura mata rawani, ba za a ba ta ajiyar akuya ba.

Masu cewa tana sanyaya jiki kuwa, likitanci ya ƙaryata su. Barasa tana danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, jiki ya bushe. Ku duba wannan a zafin watan Afrilu na Shinkafi ko Zurmi! Sanyin da mutum ya ji na ƙanƙara ne da kokwamba, wadda kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa kansa, kuma a Janairun 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi nata da za a ce bai da illa.

Wani zai ce wayewa ce. Wace wayewa? Ingila da kanta ta ɗanɗana kuɗarta a hannun jin a ƙarni na 18, har majalisarta ta kafa dokar taƙaita sayar da ita a 1751 saboda yadda ta lalata talakawan Landan. Turawan mulkin mallaka sun cika kudancin Nijeriya da ita, harajinta ya zama babban tushen kuɗin gwamnatinsu, amma bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890 sun hana shigo wa mutanen Arewa da ita, domin sun san Musulmi ne. Abin kunya ne a ce abin da Lugga bai sayar wa kakanninmu ba, mu jikoki mu neme shi da kuɗin datarmu.

Ku tuna kuma, a Oktoban 1999 aka ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, da haddin bulala 80 ga mashayi kamar yadda yake a mazhabar Malikiyya. An rufe gidajen giya, amma wayar da ke aljihunka ba ta da ƙofar da Hisba za ta rufe. Wanda ya fara da sha'awar kofin gilashi a bidiyo, ba shi da kuɗin kwalbar Turai, inda zai ƙare shi ne 'yar leda mai arha, irin wadda hukumar NAFDAC ta sanar da fara hana sarrafawa a Fabrairun 2024. Yankin da 'yan bindiga suka hana shi noma da barci, ba ya da rarar matasan da zai ba kwalba sadaka.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Lemun tsami halal ne, kokwamba halal ce. Na ce wa ɗalibina: markaɗa kokwamba ɗaya ko gurji, tace, matse lemun tsami biyu, sa zuma da ganyen na'ana'a da ruwan sanyi, ka yi bisimilla ka sha. Sanyin duk yana nan, hankalinka kuma yana nan, kuma za ka tashi sallar La'asar kana sanin abin da kake karantawa.

Allah Ya tsare mana imaninmu da hankulanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.