Burin shekara: Littafi ɗaya, tambaya ɗaya, mako 52

Duk ƙarshen Disamba sai ka ga matasanmu sun cika WhatsApp da Facebook da jerin buri. Wannan zai karance littafi hamsin, wancan zai riƙa zagaye filin wasa na Haliru Abdu da gudu kullum bayan asuba, wata kuma za ta koyi Faransanci da ɗinki da sarrafa kwamfuta duk a tashi ɗaya. Kafin watan Maris ya kama, shiru kake ji. Ba dariya nake wa kowa ba, don ni ma na yi. Na sauke manhajar da ke ƙirga takun ƙafata da kofunan ruwan da na sha, na yi mako uku ina cika ta. Sai data ta ƙare, aka shiga jarrabawa, shi ke nan.

Mutane na saurin cewa lalaci ne. Akwai lalacin, ba musu. Amma babbar matsalar ita ce mun aro tsarin daga bidiyon mutanen da shekararsu ba irin tamu ba ce. Wanda ya tsara maka gudun safe kullum bai san zafin Afrilu a Birnin Kebbi ba, bai san azumi na matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara ba, bai san akwai ɗalibin da dole ya koma gida ya kama wa babansa dashen shinkafa ba. Ko kalandar makaranta ba ta da tabbas: a 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malamai. Burin da ke buƙatar wuta da data da natsuwa kowace rana, a nan ba ya kai labari.

Abu na biyu, duk ƙirgen a kanmu yake ƙarewa. Taku nawa na yi, awa nawa na yi barci. To, in ka gama shekara da waɗannan lambobi, wa za ka ba su? Shawarar wannan fili ita ce ka juya ƙirgen zuwa garinku. Ka zaɓi tambaya ɗaya, ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka ware rana ɗaya a mako, ka rubuta amsar da ka samu. Sau 52 kawai.

Ɗauki shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Nuwamba 2015. Daga nan aka yi shinkafar Lake ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas, aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi. Kowa ya san mu da shinkafa. Amma tambayi ɗalibi nawa mudu yake a babbar kasuwa lokacin kaka, nawa ya koma tsakiyar damina, sai ya ce maka “ta dai yi tsada”. Wanda ya riƙa zuwa wurin mai awo ɗaya duk Asabar, ya rubuta kuɗin mudun ta gida da na shanshera da na litar fetur a gefe, zai ga da idonsa yadda kuɗin man injin ban ruwa ke bin shinkafar rani har cikin tukunya, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Wannan littafin ya isa ya zama aikin kammala digiri, ya isa ya zama rahoton da edita zai karɓa hannu biyu, kuma uwa a gida ma za ta san watan da ya fi dacewa ta sayi buhu.

Argungu kuwa ta fi ba ni takaici. Bikin kamun kifi ya samo asali ne tun 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ranar gasa dubban masunta kan faɗa Matan Fada da koma da gora, 'yan jarida su ɗauki hoton giwan ruwa, kowa ya watse. Kamun kansa bai wuce kamar awa ɗaya ba. Sauran kwanakin shekara fa? Yaushe ruwan gulbi ke fara hawa, yaushe yake janyewa daga fadama, wane kifi ne ya yi ƙaranci a kasuwa? Mun ga yadda ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan, mun kuma san ruwan da ake saki daga madatsun Goronyo da Bakolori ta nan yake biyowa. Matashin da zai tsaya wuri ɗaya a bakin gulbi duk Juma'a, ya ɗauki hoto ɗaya ta fuska ɗaya, ya sa kwanan wata, zai ƙare shekara da abin da manoman unguwarsu za su iya dubawa. Wani kuma ya zauna da tsofaffin masunta, mako ɗaya suna ɗaya: tarwaɗa, ƙarfasa, bargi, ƙurungu, yadda ake kama kowanne da lokacinsa. Bikin ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa ba za su yi ta jiranmu ba.

Wani zai ce wannan ai aikin hukuma ne, ko na masu bincike da ake biya. Haka ne, kuma ya kamata su yi. Sai dai ba su hana ka naka ba, kuma ribar farko kai za ka ci: ka koyi yin tambaya, ka koyi cika alkawari da kanka, ka samu abin nunawa ranar neman aiki wanda ya wuce takardar shaida.

Sharaɗi biyu kawai. Kada ka cika gurbi da ƙarya. Makon da ba ka je ba, rubuta “ban je ba” ka wuce, don lambar da ka ƙirƙira tana ɓata na gaskiyar duka. Sannan ka rubuta a takarda tukuna, wayar ta biyo baya. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa. Duk ƙarshen wata ka ɗauki hoton shafukan ka tura wa wani aboki, shi zai zama mai tambayarka in ka yi sanyi.

Ni na shinkafar na ɗauka, kuma ban jira Janairu ba. Makon farko mai awon ya dube ni ya ce, “Ɗan boko, mi kaka rubutawa? Ko haraji za a aza muna?” Sai da na buɗe masa littafin ya gani. Yanzu tun daga nesa yake faɗa mini kuɗin, wani lokaci har ya ƙara da dalilin da ya sa ya tashi. Akwai gurbi biyu da na rubuta “ban je ba”, ɗaya zazzaɓi, ɗaya jarrabawa. Asabar mai zuwa zan tambaye shi ko zai yarda in ƙara gero a shafin.