Harajin Gidaje: Haƙƙin Mai Gida da Nauyin Hukumar Birni

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A ganina, wannan karin magana ita ce ma'aunin da ya kamata a ɗora harajin gidaje a kai, wato kuɗin da hukumar birni ke karɓa daga mai gida duk shekara gwargwadon darajar gidansa. Da wannan kuɗi ne birane da dama a duniya ke riƙe makarantu, da gyara tituna, da kwashe shara, da biyan 'yan kwana-kwana. Saboda haka biyan harajin ba abin ƙi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, darajar gida tana iya ninkawa alhali abin da mai gidan ke samu yana nan yadda yake.

Abin da ya auku a jihar Kalifoniya ta Amurka ya isa misali. A shekarun 1970 farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi, haraji ya bi bayansa. Tsofaffi 'yan fansho suka shiga fargabar rasa gidajen da suka daɗe da gama biyan kuɗinsu, a daidai lokacin da baitulmalin jihar ke da rarar biliyoyin daloli. Wasu mutane biyu, Howard Jarvis da Paul Gann, suka jagoranci yunƙurin taka wa hukumomi birki. Ranar 6 ga Yuni, 1978, kusan kashi biyu cikin uku na masu jefa ƙuri'a suka amince da Ƙuduri na 13. Ƙudurin ya ƙayyade harajin a kan kashi 1 cikin 100 na darajar gida, ya kuma hana ƙara darajar da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara, har sai an sayar da gidan.

Masu gidaje sun samu sa'ida, amma garin gyaran gira sai aka taɓa ido. Kuɗin da ake tarawa daga wannan haraji ya ragu da fiye da rabi. An rage lokutan buɗe ɗakunan karatu, makarantu kuma suka koma dogaro da gwamnatin jiha. Bugu da ƙari, sai ga maƙwabta biyu masu gida iri ɗaya, sabon zuwa yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da tsohon mazauni ke biya. A 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsarin bai saɓa wa tsarin mulki ba, amma wannan bai sa ya zama adalci ba.

Mu ma nan gida Nijeriya mun ga makamancin haka. A 2018 gwamnatin Legas ta Akinwumi Ambode ta yi sabuwar dokar harajin filaye da gidaje. Jama'a suka yi ca, har gwamnati ta rage kuɗin, sannan aka sake gyara dokar a 2020.

Darasin da ke cikin misalan nan biyu a fili yake. Hukumar da ta ƙara haraji ba tare da ta nuna inda kuɗin jiya ya shiga ba, ita ta jawo wa kanta bore. Mai gidan da ya nemi a datse haraji baki ɗaya kuwa, makarantar 'ya'yansa ce za ta fara ji a jika. Abin da ya dace shi ne a riƙa yin ƙarin sannu a hankali, a sassauta wa tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, sannan a bayyana kasafin kuɗin birni dalla-dalla cikin harshen da jama'a ke ji, unguwa-unguwa.

Ku malaman gobe, wannan batu ya shafe ku kai tsaye, domin alli da benci da rufin aji duk daga aljihun mai biyan haraji suke fitowa. Ku koya wa ɗalibanku cewa biyan haraji wajibi ne, tambayar yadda aka kashe shi kuma haƙƙi ne.