"Yi shiru ko in ƙara maka!"

Jama'a, kullum muna tafka muhawara kan bulala. Wasu na kawo Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wasu na cewa ai mu ma da bulala muka tashi kuma ba mu lalace ba. Ni tambayata ɗaya ce: in an ajiye bulalar, me uwa ko malamar nazare za ta yi lokacin da ɗan shekara huɗu ke birgima a ƙasa yana shessheƙa?

Yaron da kuka ya ci ƙarfinsa ba ya jin maganarka, ko da yana so. Zuciyarsa dukan uku-uku take, numfashinsa sama-sama. Tsawa rura abin kawai take yi. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, in mutum ya saki numfashi a hankali, sakin ya fi shaƙar tsawo, bugun zuciya na raguwa, jiki ya saki. To amma je ka ce wa ɗan yaye "ja numfashi", kallonka kawai zai yi. Sai da wasa.

Ɗaga yatsunka biyar ka ce kyandirori ne, ya hure su ɗaya bayan ɗaya, kana lanƙwashe wanda ya mutu. Ko ka ɗora masa gashin kaza a tafin hannu, ya hura har ya motsa amma kada ya faɗi. Wannan ne ya fi burge ni, don dole ya sassauta hurin. Ko ya shaƙi ƙamshin turaren Umma ta hanci, sannan ya rufe baki ya yi kukan ƙudan zuma, "mmmm", har iskar ta ƙare. Da dare kuwa, ya kwanta rigingine a ɗora masa 'yar tsana a ciki, ya riƙa ɗaga ta yana sauke ta. Turawa na da nasu na hura miya mai zafi. Mu da aka hana mu hura abinci, a bar musu kayansu.

Sharaɗin shi ne a koya masa lokacin da yake cikin raha, kuma babba ya yi tare da shi. Ranar gobara ba a fara haƙa rijiya.

Wani zai ce wannan sangarta ce ta 'yan boko. Wallahi ba 'ya'yan masu hali nake tunani ba. Yaran da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato nake tunani, waɗanda ƙarar babur kaɗai ke firgita su, ga su nan a unguwanninmu. Wasan numfashi ba zai goge abin da suka gani ba, amma irin wannan yaro ne za a ce wa "ko in ƙara maka"? Minti biyu bayan asambuli, ba fayil, ba kwangila, ba jiran sakin kuɗi. Mu da ke ofis mun san yadda jiran yake.

Sai dai a kula, musamman da hunturu. In yaro na haki ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko numfashinsa na fito, wannan ba na wasa ba ne. Ɗan shekara 1 zuwa 5 da ke numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya alhali yana zaune lafiya lau, ana zargin nimoniya. A ɗauke shi sai asibiti.