Shuka Kafin Kifi

Yara, akwai wani ƙaramin aiki da nake ganin ya kamata kowane aji a ƙasar Daura ya ɗauka, watau ajiye akwatin gilashi mai ruwa, da tsire-tsire da 'yan kifaye a ciki. Amma ku lura da wannan: mai son kifinsa ya rayu, sai ya fara kula da shuka tukuna. Yawancin masu farawa kifi kaɗai suke dubawa, suna tsammani ciyawa ado ce kurum. Ba haka ba ne.

Kifi yana numfashi kamar mu, sai dai shi daga cikin ruwa yake samun iskar da ake kira oksijin. Tsiron da ke nutse cikin ruwa kuwa, idan haske ya same shi, yakan sha iskar da kifi ya fitar, ya saki oksijin. Kashin kifi kuma shi ne takin tsiron. Kun ga kowannensu yana cin moriyar ɗan'uwansa. Wani masani mutumin Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna a shekarar 1779 cewa koren ganye ba ya sakin wannan iska sai da haske. A 1850 wani Bature a Ingila, Robert Warington, ya bayyana yadda ya ajiye kifi da ciyawar ruwa wuri ɗaya, suka rayu tare. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a Landan.

Mu nan ba sai mun sayo tsiro daga nesa ba. Da damina tafkunanmu da kududdufai suna cika da su. Ga kainuwa, wadda ake wa kirari da dashen Allah, tana yawo a bisa ruwa, saiwoyinta na reto. Ga bado mai faɗin ganye, amma shi ya fi ƙarfin ƙaramin akwati. Ga kuma ciyayi masu siraran ganye da ke nutse ƙarƙashin ruwa, su ne suka fi amfani ga kifi, domin iskarsu cikin ruwan take shiga.

To, ga yadda ake yi. A wanke yashi sarai, ba da sabulu ba, a shimfiɗa shi a gindin akwati kaurin yatsa uku. A binne saiwar tsiro a hankali, kada a rufe ganyensa. Idan ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe, domin maganin da aka zuba masa ya fita. Sa'an nan a yi haƙuri mako biyu, sai an ga sabon toho kafin a kawo kifi. Kada a sa tarwaɗa, gama tana tone yashi, tana kuma haɗiye ƙananan kifaye. Karfasa ma takan ci ganye, ta yi girma. 'Yan ƙanana uku ko huɗu sun isa, domin da dare tsiro ma shan oksijin yake yi, ba ya saki.

A ajiye akwatin kusa da taga inda haske ke shiga, amma ba inda rana ke dukansa kai tsaye ba. Kun san zafin bazara a Daura. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa, rana mai yawa kuma tana sa gansakuka ta rufe gilashi. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba sabo. A cire ganyen da ya ruɓe. A rage kainuwa idan ta yi yawa, kada ta tare wa na ƙasa haske. Abinci kuwa kaɗan za a ba kifi, wanda zai cinye nan take. Ruwa ba ya tsami banza: in kun ga ya yi duhu ko ya yi wari, to, an cika abinci, ko an bar mataccen ganye.

Akwai gargaɗi guda mai girma. Kada yaro ya shiga tafki neman tsiro. A cikin ruwan kwance akwai 'yan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki. Sai babban mutum ya jawo tsiron da sanda daga bakin ruwa, a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, a duba a zubar da kowace katantanwa.

Wasu iyaye suna cewa wannan wasa ne da ɓarnar ruwa, a ƙasar da ruwa ke da daraja. Maganarsu abar dubawa ce. Mutanen Daura sun san darajar ruwa tun zamanin da labari ya ce maciji ya hana ɗiba a rijiyar Kusugu sai ran Juma'a. Amma ruwan da aka kwashe daga akwati ba ya tafiya banza, domin yana ɗauke da taki, sai a zuba wa dashen itatuwan makaranta. Wasu kuma suna tsoron sauro. Ai ƙananan kifaye su ne ke cinye 'ya'yan sauro a ruwa.

Gani ya kori ji. Yaron da ya ga ƙananan kumfa na tashi daga ganye da hantsi, ya fahimci abin da shafi goma ba za su koya masa ba. Wanda kuma ya saba kula da ruwan akwati, ba zai zuba shara a tafkin garinsu ba. Kifin nan amana ne a hannunku, ba ya iya kuka in ya sha wuya. Ku kula da shukarsa, ita za ta kula da shi.

Tambayoyi
1. Me tsiro ke ba kifi, me kuma kifi ke ba tsiro?
2. Don me ba a ajiye akwatin cikin rana?
3. Wace cuta ake ɗauka a ruwan kwance?