Maja: Wa Ke Nitsewa Cikin Wa?

Duk sanda zaɓe ya ƙarato, kalmar da na fi ji a bakin 'yan siyasa da 'yan majalisar mai shayi ita ce maja. Mun aro ta ne daga kalmar Ingilishi "merger", wadda ta fito daga aikatau "merge". Mun ba ta ma'anar haɗuwa kurum, amma ina ganin ya kamata mu leƙa asalinta kafin mu ci gaba da tafa mata.

Turawan Ingila ma aro suka yi daga Latin, inda "mergere" ke nufin tsomawa ko nitsarwa cikin ruwa. Da ta shiga bakin lauyoyinsu sai ta zama tana nufin ƙaramin haƙƙi ya narke cikin babba har a daina ganinsa. A yau suna faɗinta idan hanyoyin mota biyu suka koma ɗaya, ko kamfanoni biyu suka dunƙule, ko aka haɗe takardu biyu a kwamfuta. A duk wuraren nan biyu ne ke shiga, ɗaya ya fito. Mai karatu ya tuna da Lakwaja: Binuwai da Neja suna haɗuwa a can, amma daga nan zuwa teku sunan Neja kaɗai ake kira.

Mun ga haka da idonmu. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25. Bankuna 89 suka koma 25. Bank of the North, wanda iyayenmu ke kira Bankin Arewa, ya shige cikin Unity Bank, sunansa ya bi ruwa. A 2013 kuma ACN da CPC da ANPP suka miƙa takardun rajistarsu aka haifi APC. Yau ba wanda zai iya tsayawa takara a CPC, komai sonsa da ita.

Hausa ba ta rasa kalmomin bambance waɗannan abubuwa ba. Idan aka gauraya gero da dawa, mai haƙuri zai iya tsince su. Tsintsiya maɗaurinta ɗaya, amma kowane tsinke yana nan da jikinsa. Wannan shi ne ƙawance. Fura kuwa in an dama ta da nono, ba mai sake raba su. Wannan ita ce maja.

Ba ina cewa maja aibi ba ce, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Damuwata ita ce yadda muke kiran ƙawance maja, mu kira maja ƙawance, har shugabanni su sa hannu a madadinmu ba mu san abin da muka sallama ba. Duk wanda aka gaya wa jam'iyyarsa ko ƙungiyarsa za ta shiga maja, ya tambaya tun kafin a zuba nono: sunan wa zai saura, kundin wa za a bi, kuma kadarorinmu hannun wa za su koma?