Zauren Iyaye: Hoto da Gajeren Labari Wajen Koyon Faransanci

Ya ku iyaye, sau da yawa yaro kan dawo daga lakwal ya karanto darasinsa na Faransanci tiryan-tiryan, har uwa ta yi murna. Amma da an tambaye shi ma'anar abin da ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai. Wannan hadda ce kawai, kuma ita ke kayar da yara a azuzuwan gaba, inda ake koyar da lissafi da tarihi cikin harshen da ba su fahimta ba.

Masana ilimi sun daɗe da gano maganin. Littattafan Mamadou et Bineta na André Davesne, waɗanda kakanninmu suka karanta tun shekarun 1930, an gina su ne bisa zane da ɗan labari. Haka kuma a 1964 aka fara koyar da yara Faransanci ta talabijin a Yamai, domin ido ya taimaki kunne. Hausawa ma sun ce gani ya kori ji.

Sai dai kowanne da aikinsa. Hoto yana ba yaro sunan abu: ya ga akuya, ya ji "la chèvre", ba sai an fassara masa ba. Labari kuwa shi ke kawo aikatau da jerin aukuwa: wa ya tafi, me ya tarar, yaya aka ƙare. Kalmar da ta zo cikin labari tana da wurin zama a zuciya, saɓanin wadda aka jera a allo ita kaɗai.

Ga abin da kowane gida zai iya yi. A samo hoton tsohuwar kalanda ko na kwalin shayi. A bar yaro ya bayyana abin da ya gani da Hausa tukuna, sannan ya faɗi kalmomi 5 da Faransanci. Bayan haka yayansa ya ba shi tatsuniyar da ya riga ya sani, kamar ta Gizo da Ƙoƙi, cikin jimloli 6 masu sauƙi na Faransanci. Kashegari shi zai maimaita, yana nuni da hoton.

Uwar da ba ta shiga lakwal ba ita ma tana da rabo a wannan aiki. Ta ce: "Ɗana, mayar mini da labarin nan da Hausa." In ya iya, ya fahimta. In ya kasa, a koma kan hoton, ba tare da tsawa ba.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.