Auren Zumunci da Bizar Amurka: Masu Cewa A Ɓoye Cutar Amarya Suke Yi

Auren 'yar baffa halal ne, kuma dokar shige da fice ta Amurka ba ta haramta shi kai tsaye ba. Abin da jami'i ke dubawa shi ne jihar da ma'auratan za su zauna. Kalifoniya ta yarda da shi, Texas kuwa ta hana ɗaura shi tun 2005.

To, me ya sa 'yan uwa, har da masu digiri, ke zuga ango ya ɓoye dangantakar ranar tantancewa? In aka gano ƙaryar, amarya ce za a iya rufe wa ƙofar ƙasar har abada, ba masu zugar ba. Alhali da angon ya koma jihar da ta halatta auren, da wannan cikas bai taso ba.